Sunan da Taubashina Bai Rubuta Ba

Mai bayarwa ya karɓi abinsa, mu ma muna kan hanya. Taubashina ya rasu wata Laraba da hantsi a gidansa na Dogon Dutsi, bayan jinyar da ba ta daɗe ba. Kafin azahar rediyo ya sanar cewa Allah ya yi wa wani dattijo mai gyaran kwamfuta rasuwa. Mai gyara, in ji su. Wanda ya karanta sanarwar yana zaune ne gaban manhajar da mamacin ya ƙirƙira, da ita muryarsa ta fita har ta iso kunnena, amma bai san ko wane ne ya mutu ba. Tun daga nan na gane irin makokin da za a yi.

Na zauna makoki da yawa a rayuwata, ban taɓa jin ƙarya ta taru wuri ɗaya kamar a ƙofar gidan nan ba. Ina cikin mata a jikin katanga, maza suna waje kan tabarmi, kuma shekarun da na yi ina koyarwa a lakwal sun bar mini kunne mai jin raɗa daga bencin baya. Wani Alhaji mai sayar da siminti, wanda ya yi shekaru yana gaya wa mutane iska ce ta taɓa taubashina, shi ya fara cewa an yi rashin waliyyi. Ƙanen mamacin ya zo daga Tibiri yana share hawaye da hannun riga, shi da ya daina gaishe shi saboda bai gina musu bene a gidan gado ba. Kafin la'asar na ji yana tambaya ƙasa-ƙasa ko na'urorin da ke ɗakin suna cikin abin da za a raba. Wani daga biron prefe, wato ofishin mai mulkin gunduma, ya karanta jawabi da Faransanci, ya ce marigayi ne ya kawo intanet ƙasar Arewa. Bai kawo ba. Da yana raye da ya miƙe ya gyara masa zancen a gaban jama'a, don bai taɓa barin kuskure ya wuce ta gabansa ba, sai dai in nasa ne.

Can sai ga ɗalibinsa daga Yamai cikin farar mota katkat, da babbar riga mai sitaci. Yaro ne da mamacin ya koya wa aikin tun yana lise, wato babbar sakandare, yanzu ya zama babba a wani proje na raya ƙasa, yana da direba da tumbi. Ya yi kuka har sai da aka riƙe shi. Duk wanda ya miƙa masa hannu sai ya ce masa ai shi ubansa ne ya rasu. Ban ce kukan ƙarya ba ne. Na dai lura tabarmar da ya zaɓa ita ce ta fi kusa da mai ɗaukar hoto.

Ɗiyar fari ta mamacin kuwa tana ta kai da kawo da butoci da kwanonin fura, mace mai shekara arba'in da ɗoriya, uwar yara. A ce mata sai haƙuri, a miƙa mata buta ta ƙaro ruwa. A cikin duk masu yabon nan ba wanda ya san cewa aikin da suke yabo, na shekarun nan na ƙarshe, ita ce ta yi shi, kuma sunanta ba ya ko'ina a ciki. Saboda ita nake wannan rubutu. Ta roƙe ni kada in sa sunan kowa, ban sa ba. Ban yi mata alkawarin yin shiru ba.

Uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito. Shi ɗan namiji, ni ɗiyar mace, don haka tun muna yara a Tibiri nake da ikon faɗa masa abin da ba mai iya faɗa. Yana ce mini baiwarsa, ina ce masa mai kan tulu. Mutuwa ba ta karɓe mini wannan iko ba. Wanda yake son ta'aziyya mai zuma ya je wurin Alhajin siminti.

Bari in faɗi aikin nasa yadda na fahimce shi, tunda mutumin prefe ya kasa. Ƙananan gidajen rediyo na karkara ba su da ƙarfin sayen kayan aiki, sai tsofaffin kwamfutocin da ofisoshi suka yar. Wuta kuma ba ta da alkawari. Taubashina, bayan ya ajiye aikin gwamnati a Yamai ya dawo gida, sai ya zauna ya rubuta musu manhaja. Ita ke jera shirye-shirye da waƙoƙi da sanarwar biki da suna da ɓatan shanu, ɗaya bayan ɗaya, ko mai aikin ya fita sallah. In wuta ta ɗauke ta dawo, sai ta ci gaba daga inda ta tsaya. Da ya gama bai rufe ta ya sayar ba. Ya ajiye ta a intanet a buɗe, da hanjinta duk a waje, kowa ya ɗauka kyauta, ya karanta yadda aka ɗinka ta, ya gyara in ya iya, ya aiko masa gyaran. Shi ne mai riƙe da makulli, wato shi ke cewa wannan gyara ya shiga, wancan ya koma. Sharuɗɗansa biyu ne: kada wani ya ɗauka ya kulle, kuma kada a goge sunan duk wanda ya sa hannu a aikin. Ina roƙon mai karatu ya riƙe sharaɗi na biyun nan.

Da Alhajin siminti ya ji cewa rediyoyi har Burkina da Mali da Cadi suna aiki da ita, sai ya zo da goro da fara'a, ya ce su haɗa kai a sa ta cikin kwali a kulle a riƙa sayarwa. Taubashina ya saurare shi har ƙarshe, yana tauna asuwaki. Sannan ya ce masa ya ɗauka yau ma, kyauta, ya sayar wa duk wanda ya yarda ya saya, illa dai ya gaya wa mai sayen cewa shi ma yana iya ɗauka kyauta. Alhaji ya tattara goronsa ya fita. Daga ranar aka fara zancen iska, wasu ma har suna faɗin wace doguwa ce.

Ni ban taɓa cewa mahaukaci ba ne. Na ce masa dai mai taurin kai, kuma na faɗa masa ido da ido. Ɗakinsa yana kallon wata bishiyar bedi, daga sallar asuba har rana ta take yana ciki, da kwanon fura ba sukari a gefe, da takalmin da ya ɗaure da waya don ya ƙi sayen sabo. Yakan ce abin da ba ka iya buɗewa ka gyara ba naka ba ne, aro aka ba ka. Saboda wannan magana ba abin da ya tsira a gidan: fitila, fanka, keken ɗinkin matarsa, duk ya buɗe su, rabinsu ba su sake komawa daidai ba. Yana da abokai a ƙasashen da bai taɓa takawa ba, ya san wanda matarsa ba ta da lafiya a Wagadugu, ya san wanda ya yi haihuwa a Turai, amma sai ya tambayi matarsa wane aji autansa yake. In gyara ya zo masa ba tsabta, ko daga wa ya fito, sai ya mayar da shi tare da doguwar wasiƙa da Faransancin da ke yanka kamar aska. Wannan ɗalibin na Yamai ma ya sha kuka a ɗakin nan, kukan da ba mai hoto a kusa.

Ba zan ci haƙƙinsa ba, yana da alheri. Da mijina ya rasu, mutane suka yi kwanakinsu suka watse, shi kaɗai ya ci gaba da zuwa. Ba ya cewa komai. Ya zauna a ƙofar ɗakina, ya ɗauki rediyona da lafiyarsa lau, ya kwance shi wai yana gyara, har la'asar ta yi ya tashi. Ya yi haka har na fara iya cin abinci. Rediyon bai sake kama tasha da kyau ba, kuma ban yar da shi ba. Na so mutumin nan ƙwarai, in ban faɗi haka ba sauran maganata ba za ta yi nauyi ba.

A kan suna kuwa, ban taɓa ganin mai tsanani irinsa ba. Wata damina wani mai sanarwa a wani ƙaramin rediyo wajen Dogon Kiriya ya aiko da saƙo ta bakin direba, cewa manhajar tana datse wutsiyar sanarwa in ta yi tsawo. Taubashina ya duba, ya ga gaskiya ne, ya gyara. Sai ya ce ba zai fitar da gyaran ba sai da sunan wanda ya gano kuskuren, direba kuwa laƙabinsa kawai ya sani. Tsoho ya hau motar kasuwa, inda mota ta kafe ya hau amalanke, ya je ya sami mutumin, ya sa shi ya rubuta sunansa da hannunsa, ya dawo da zazzaɓi. Da na je dubiya na tambaye shi ko haukar da ake faɗa ta tabbata ne. Ya ɗago kai daga filo ya ce:

"Wanda duk yas sa hannu, a rubuta sunanai. Ba alheri na ba, haƙƙi na."

Wannan mutumin ne fa.

Al'adarmu ce, kowa ya sani, uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya yabonsa, ba ya nuna ya damu da shi a gaban mutane. Yanzu da yawa sun sassauta, sun bar wa tsofaffi. Taubashina ya yi karatu har ƙasar waje, ya dawo ya watsar da rabin al'adun gidanmu yana ce musu duhun kai, amma wannan ɗaya ya rungume ta da hannu biyu. Da aka yaye yarinyar aka kawo mini ita, tunda Allah bai ba ni haihuwa ba, a ɗakina ta girma, Inna take ce mini. In ya zo gidana sai ya tambayi lafiyar awaki, ya tambayi ko rufin yana yoyo, sai zai tafi yana sa takalmi ya ce mutanen gidan suna lafiya ko. Ita ce mutanen gidan. Shekarar da ta zo ta ɗaya a lissafi na kai masa labari da gudu, sai ya tambaye ni ko su nawa ne a ajin. In dole ta sa ya yi mata magana, ke ce, in a bayanta ne, waccan.

Ta yi jami'a a Yamai, ta dawo tana koyar da lissafi a lise, ta yi aure a nan cikin gari. Da ciwon sukari ya fara cin idon ubanta, sai ta riƙa zuwa bayan la'asar tana karanta masa abin da ke kan allo. Da farko shi ke faɗa tana bugawa. Daga baya ta fara cewa Baba nan kamar akwai kuskure, ya yi tsaki, ya sa ta sake karantawa, sannan ya ce ta gyara. Kafin a daɗe ita ke zama ta rubuta abin tun daga tushe, da safe kafin lakwal ko ranar hutu, sai da yamma ta karanta masa. In da aibu, ya yi mata wa'azi har magariba. In babu, kalma ɗaya ce:

"Aika."

Ta aika. Da yake daga na'urarsa abin ke fita, ta ƙofarsa ta intanet, da sunansa yake isa duniya. Haka aka yi wajen shekara goma. Ita ta sa manhajar ta iya aiki a ƙananan na'urori masu cin hasken rana, ita ta sa a iya aiko sanarwa daga waya ba sai mutum ya yi tafiyar yini ba. Abokansa na nesa suka riƙa rubutowa suna mamakin yadda tsoho yake ƙara gwaninta, suna cewa hannunsa ya yi laushi, rubutunsa ya fi na da tsabta. Tunda ba ya gani, ita ce ke karanta masa waɗannan wasiƙu da bakinta. Ya saurara, ya yi gyaran murya, ya ce ta wuce ta gaba.

Ban san haka abin yake ba sai da na tarar da ita wata rana tana aikin ita kaɗai, shi yana barci a kujera baki buɗe. Na tambaye ta, ta yi ta kewaye-kewaye, na matsa, ta faɗa. Na jira har ta tafi gida, na ja kujera na zauna gabansa.

Na ce, "Kai da kat tahi hal Dogon Kiriya cikin ruwa don sunan baƙo, ina sunan ɗiyakka?"

Ya juyar da kai wajen bedi, ko da yake ba ganinta yake ba. Ya ce, "Kin san bakina bai ɗaukar sunan ga."

Na ce ba wanda ya ce ya faɗa, rubutawa za a yi.

"Da wane ido? Ita ka rubutu. In ce mata ta rubuta wa?"

A nan na ga ramin da suka faɗa su biyu. Shi ba zai buɗe baki ya ce ta sa sunanta ba, don wannan yabo ne. Ita kuma ba za ta sa ba sai ya ce, don ɗiyar da aka haifa cikin kunya ita ma da kunyar take tashi. Na ce to ni zan faɗa mata a madadinsa. Ya ce ko ta bakina ne, shi ne dai ya tsaya gaban duniya yana yabon ɗan farinsa, kuma ba a haife shi da wannan rashin ta-ido ba. Ya ce abin da ɗa ya yi a ɗakin ubansa na uban ne, a gonar kakanmu ba wanda ya taɓa rubuta wa ya nome wace kunya. Na ce to me ya sa yake rubuta na baƙi, ko su gonarsu daban ce. Na ce masa abin da yake yi, in wani ne ya yi, da ya rubuta masa wasiƙar da za ta hana shi barci. Na gaya masa maganganun da ko taubashi sai ya yi tunani kafin ya faɗa, ni kuwa ban yi tunanin ba.

Can ya ce, a hankali, "Ta hi ni iyawa. Na daɗe da sani."

Na ce ya gaya mata, ko sau ɗaya, ko ba da suna ba. Sai ya lalubi kwanon furarsa ya tambaye ni ko ƙuda ya faɗa ciki.

A ranar na je gidanta na maimaita mata abin da ya ce, kalma da kalma. Ta yi murmushi tana tsinke zogale, ta ce ta gode, amma ta san Babanta, kuma ta san ni da son faranta mata. Ba ta yarda ba, har yau ba ta yarda ba. Na yi fushi na daina zuwa gidansa wata da watanni, sai da ita ta zo ta roƙe ni, wai yana tambaya ko baiwarsa ta mutu ne. Na koma. Na sake tayar da maganar ba sau ɗaya ba, kullum sai ya ce a bari tukuna. Mutumin da ya ƙi kwana da ƙaramin kuskure a cikin na'ura ya kwana da wannan har ya mutu.

Ranar sadakar bakwai ɗalibin ya sake zuwa. Bayan an yi addu'a an watse, ya nemi iso ya shigo cikin gida, ya durƙusa gaban matar mamacin. Ya ce abokan aikin Mushe na ƙasashe, haka yake kiran mamacin, sun yi shawara, sun ga aikin nan bai kamata ya mutu ba, kuma tunda shi ne ɗalibinsa mafi kusa, sun ce ya riƙe makullin. Abin da ya rage shi ne kalmar sirrin da ake shiga da ita, ko Mushe ya bar ta wurin wani. Matar, baiwar Allah, ba ta taɓa sanin me ake yi a ɗakin nan ba, ta nuna ɗiyar da haɓa ta ce waccan ce mai taɓa masa mashin. Ɗalibin ya juya da fara'a, ya ce Madam, Allah ya saka da alheri, ya ji labarin yadda ta riƙa taimaka wa tsoho da buga rubutu, ba kowace ɗiya za ta yi haƙurin zama kan abin da ba ta gane ba.

Na buɗe baki. Ɗiyar ta dafa gwiwata ta matse, har sai da na ji zafi. Ta faɗa masa kalmar, ya buga a wayarsa, ya ce mersi, ya ce kuraj, godiya da ban haƙuri na Faransanci, ya fita.

Na bi ta madafa. Na tambaye ta ko ita ma kan tulun ta gada. Na ce ga makulli a hannunta, ga aikin nata ne, ta rubuta wa mutanen can ta gaya musu gaskiya, in ba ta iya ba ta ba ni adireshinsu, Faransancina bai mutu ba. Tana wanke kwanoni ba ta ɗago ba. Ta ce:

"Inna, ga aikinmu, in ka sa sunanka ga aikin wani, sata ta. Shi da kainai ya koya ma mutane haka. In nic ce ni ka yi, na maishe shi ɓarawo shina cikin kabari."

Na ce ai shi ya mai da kansa. Ta ce ta sani, amma ba da bakinta za a ji ba. Na ce to tunda kowa yana iya ɗauka, ta ɗauki nata ta ci gaba gefe guda. Ta ce tana iyawa, doka ba ta hana ba, amma gidajen rediyo mai makulli suke bi, kuma sai a ce ɗiya ta raba gidan ubanta tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. Ta ce za ta fara daga farko kamar kowa, da sunanta, ta aika ƙananan gyare-gyare har a san ta. Na ga kamar ma tana murna. Ta buɗe ƙofarta ta kanta a intanet, ta nuna mini sunanta a kan allo, ta daɗe tana kallonsa.

Akwai wani kuskure da ta sani a cikin manhajar. In sanarwa biyu suka faɗo lokaci ɗaya, wani bi takan haɗiye ta biyun, ba a ji ta ba sam, mai bikin ko mai neman saniyarsa ya yi ta jira a bakin rediyo. Ita ta rubuta wannan wurin da hannunta, ta gano aibun ana gab da kwantar da uban, jinya ta hana ta gyarawa. Bayan arba'in ta zauna ta gyara, ta aika wa sabon mai makulli, karo na farko da sunanta.

Amsa ta zo ina gidanta, ta karanta mini tana fassarawa. Ɗalibin ya ce ya ji daɗi ƙwarai da ɗiyar Mushe ta fara sha'awar aikin ubanta. Ya ce amma wurin da ta taɓa yana cikin aikin marigayi na shekarun ƙarshe, wanda shi ne mafi kyau a duk abin da ya bari, kuma shi ba zai yarda wani sabon hannu ya shiga nan ba, ko shi kansa yana jin nauyin taɓawa. Ya shawarce ta ta fara da nazarin wannan sashe a tsanake, ta ga yadda gwani ke aiki, zai ɗauke ta shekaru kafin ta fahimce shi. Kafin nan, in tana son taimakawa, akwai takardar bayani da ke buƙatar a gyara mata waƙafi da aya. Gyaran nata ya dawo mata da shi.

Ta ajiye wayar a cinya. Ban taɓa ganin ta yi kuka ba tun rasuwar, ko ranar da aka fita da shi. Sai a nan hawaye ya zubo. Ta ce:

"Inna, kuskurena na hwa. Ni nir rubuta shi."

Na ce ta gaya masa haka. Ta ce da wace shaida, duk inda ta yi aiki sunan Baba ne a kai.

Kuskuren yana nan har yau, a rediyon garinmu da na Burkina da Mali da Cadi. Da yamma in ta kunna rediyo ta ji an tsallake sanarwa, ita kaɗai a duk ƙasar nan ta san dalili, kuma an hana ta taɓawa don girmama ubanta.

Wannan shi ne waliyyin da Alhaji ya faɗa, uban da ɗalibi ya yi wa kuka. Ya ba duniya aikinsa kyauta, ya yi tafiya cikin taɓo don haƙƙin baƙo, ya cinye na ɗiyarsa yana kiran abin kunya. Ina kewarsa, ba ranar da ba na tuna shi, kuma ina jin haushinsa kamar yana zaune gabana.

Allah ya jiƙanka, taubashi, ya yalwata maka makwanci, ya karɓi sadakarka da take gudana a iska safe da yamma. Na roƙa maka gafara da zuciya ɗaya. Amma ranar da za a tara mu a kira kowa da sunansa a miƙa masa aikinsa, ina roƙon Allah ya tsayar da ni kusa da kai, in ga fuskarka in an kira nata.